Arshitek Zahradeen da Ginshiƙin Surukinsa

Ni Ɗan'azumi magini, na yi shekara talatin da ɗaya ina ɗora bulo a Gaya, ko katangar bayi ba ta taɓa faɗuwa a hannuna ba. Magini ba shi da gona, ba shi da shago, sunansa ne jarinsa. To nawa sunan wani yaro mai ladabi ne ya kashe shi, kuma labarin yaron zan ba ku.

Sunansa Zahradeen, ɗan wani manomin shinkafa ne a Bengu. Tun yana ƙarami in an aike shi korar tsuntsu sai a tarar da shi yana zane a ƙasa da tsinke, tsuntsaye na ta walima. Uban ya ga ba riba, ya tura shi lakwal, wato makarantar boko. Daga Gaya sai Yamai, daga Yamai sai Lome, ya dawo mana da farar hular roba da sunan arshitek, wato mai zana gini ya kuma tsaya a kansa har a gama.

Kai, mun sha wuya a hannun yaron nan! In ya shigo shantiye, wurin aikin gini, sai ya ɗauki bulo ya ɗaga shi daidai kafaɗa ya sake. In ya farfashe sai ya dube ni ya ce, "Baba Ɗan'azumi, wannan bulo ne ko garin rogo?" Ya damƙi yashi ya murza, in da laka a ciki a mayar. Ba a zuba kankare sai ya ƙirga ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ya sa hannu. Yana da wani baƙin littafi da yake rubuta komai, wa ya ce a yi, wa ya ce a bari, da ranar. Na taɓa ganin ya sa an rushe bangon wani babban ma'aikacin duwan, wato kwastan, mutumin na kumfar baki, shi ko gezau. Haushinsa nake ji kullum, amma wallahi ina sonsa, don ginin da ya tsaya a kai barci nake yi har da munshari.

Sai ya auri Rashida, ƴar Alhaji Mahamadu mai kamiyoyi, wanda motocinsa ke jigila tsakanin Kwatano da Yamai. Shekara na zagayowa Alhaji ya ce zai gina mangaza, wato sito, hawa biyu, ƙasa a ajiye mota, sama a jibge shinkafa. Wa zai zana in ba suruki ba? Wa zai gina in ba ni ba?

Nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Zakin nan namu, da ya hango motar Alhaji sai ya tuɓe takalmi, a shantiye fa, inda ƙusa ta fi yashi yawa, ya durƙusa ya sunkuyar da kai. Ko ruwa ba ya sha a gabansa. To, kunyar suruki ado ce, mu ma mun yi.

Wata ranar Talata Alhaji ya zo zagaye. Ya tsaya gaban ginshiƙin tsakiya, ya ƙwanƙwasa shi da sanda ya ce, "Wannan kuma fa? Ta ina sabuwar motata za ta juya? A cire shi."

Zahradeen daga durƙushe ya ce, "To, Baba."

Motar Alhaji na fita ya miƙe, zufa na tsiyaya daga cikin hular robar. Ya ce mini, "Baba Ɗan'azumi, in aka cire ginshiƙin nan rufin hawan ƙasa ba zai ɗauki buhu dubu ba. Zai sauko."

Na ce, "To bi shi ka faɗa masa mana, ai bai yi nisa ba."

Ya ce, "Ni in ce wa Alhaji a'a? Da wane bakin?"

Na ce, "Da wanda ka ce wa bulona garin rogo."

Bai je ba. Sai ya faɗa wa matarsa cewa ginin zai faɗi. Rashida ta ga maganar ta yi nauyi, ta je ta ce wa uwarta Hajiya Kaltuma wai Zahradeen ya ɗan damu da batun ginshiƙi. Hajiya ta jira Alhaji ya ƙoshi, ta ce, "Alhaji, yaron nan fa yana ji da ginin nan kamar nasa." Alhaji ya ji daɗi ƙwarai, washegari ya aika masa da shadda turmi guda.

Da Zahradeen ya ga shadda sai ya koma kan littafinsa. Shafi uku ya cika da Faransanci mai kyau: mai gini ne ya ba da umarni, arshitek bai yarda ba, magini ma ya ce a gargaɗi mai gini. Ya karanta mini, ya fassara, ya rufe ya sa a jaka. Alhajin da aka rubuta domin shi kuwa ko bangon littafin bai gani ba. Ranar zuba kankaren rufi bai sa hannu ba, bai kuma hana ba, sai taro ya kama shi a Doso.

Ni ma ba zan wanke kaina tas ba. A ranar na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, ginshiƙin nan fa shi ne ƙafar ginin." Ya ce, "Ɗana da ya yi karatu a Lome ya ce to, kai da ludayin siminti ka fi shi sani?" An kwaɓa siminti, mutum ashirin na tsaye da kwanoni suna kallona. Na zuba.

Bayan kaka aka loda shinkafa har rufi. Wata Juma'a, mutane na masallaci, muka ji ƙara kamar an harba igwa. Allah ya rufa asiri ba rai ko ɗaya a ciki, sai sabuwar motar Alhaji da ta koma faifai.

Aka tara mu a zauren Alhaji, dattawan unguwa da ƴan kasuwa cike. Zahradeen na durƙushe bakin ƙofa, jakar nan a hammatarsa, ina hango kusurwar littafin. Alhaji ya ce, "Ɗana, kai ne mai ilimin. Me ya kayar da ginin nan?"

Na zuba masa ido. Ya kalli tabarma ya ce, "Baba, ƙaddara ce."

Alhaji ya ce, "Ƙaddara ba ta cin siminti. Magini ke ci."

Na ce ginshiƙin da aka cire ne, na rantse, na kira Allah. Wa zai saurari mai ludayi alhali mai takarda ya yi shiru? Dattawa suka watse suna yaba tarbiyyar yaron, wai a zamanin nan samun suruki irinsa sai an tona.

Yau shekara uku ke nan. Daga Gaya har Kamba ba mai ba ni ko ɗaki ɗaya, sai gyaran murhu da toshe ramin ɓera. In na wuce tasha sai in ji ana cewa ga mai mangaza nan. Shi kuwa arshitek shi ya zana sabuwar, da ginshiƙinta a tsakiya, don wannan karon Alhaji da kansa ya ce a sa.

Watan jiya na tare shi a bakin kasuwa. Na ce, "Zahradeen, shafi ukun nan kawai nake so. Ka karanta su gaban mutane in samu in mutu da sunana."

Idonsa ya ciko da ƙwalla, ya kama hannuna biyu ya ce, "Baba, wallahi suna nan, na adana su a leda. Ka yi haƙuri. Ranar da Allah ya karɓi ran Alhaji, ni da kaina zan karanta su."

Na girmi Alhaji da shekara tara, kuma jiya na gan shi ya tashi da gasasshen zabo shi kaɗai.