Bikon da Baba Gédéon ya yi da Turanci

In kana neman mutumin da bai san amfanin benci ba, zo mararrabar Yelwa a Garwa ka tambayi Baba Gédéon. Mutumin Mokolo ne, ya sauko daga duwatsu tun yana saurayi, kuma har yau da furfurarsa yana kan moto, wato babur, yana ɗaukar fasinja. Ni ne mai shayin wurin. A tsaye yake shan shayina, ido na kan titi. Amma in ya kama gaisuwa da Hausa ko Fulatanci, sai ka nemi ceto: gida, yara, gajiya, zafi, har akuyar da ka sayar bara sai ya tambayi lafiyarta.

Turancinsa ne ya ja masa. A bakin fasinjoji ya tsince shi, na kan moto ne kawai: hau, riƙe, sauka. Da ɗansa Luc ya auro Mirabel, 'yar Bamenda wadda ba ta jin Hausa, Faransancin ma da ƙyar, sai Turanci, da wannan guntun Turancin ya riƙa yi mata magana a gida. "Zo. Zauna. Ci." Shi a ransa tarairaya yake yi. A wurinmu kuwa dattijon da ya gutsure maka magana fushi yake da kai, kuma ashe a wurinsu ma haka ne.

Wata rana ita da Luc suka yi kaca-kaca, ta ɗauki 'yarsu Gaëlle ta tafi wurin yayarta a Yawunde. Luc, mai kan kwakwa, ya rantse ba zai bi ta ba. Biko ya faɗo kan uba. Baba Gédéon ya ɗauki waya ya tura mata da Turanci: "Dawo. Kawo yarinya. Ina jira." Ta karanta, ta yi zamanta a can.

Da ya fassara mini na ce, "Baba, wannan ai sammaci ne, ba biko ba."

Ga shi hutun makaranta ya kusa ƙarewa. Ya san in aka sa Gaëlle makaranta a can, shi ke nan, jikar da yake ɗorawa a kan tankin moto duk safiya ta zama 'yar Yawunde. Hankalinsa ya tashi, ya rame, ya koma yi wa fasinja tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ni na haɗa shi da Misye François, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, wanda ke wuni ƙarƙashin dalbejiyar kusa da tebur ɗina. Malamin ya ce zai rubuta masa saƙon yanzu-yanzu. Baba Gédéon ya ƙi.

"Ta san Turancina. In ta ga naka, za ta ce baki na yi haya."

"To sai ka koyi ɗaure magana," in ji Misye François. "Kamar kaya ce a bayan moto. In ba ka haɗa su da igiya ba, kowanne zai kama gabansa. Ka faɗi abu, ka faɗi dalilinsa, ka faɗi abin da ke ranka, duk a numfashi ɗaya."

Ban taɓa ganin ɗalibi irinsa ba. Ya rubuta rabin layi a kan tanki, wani ya ɗaga hannu, ya fizgi moto ya tafi, ya dawo ya manta inda ya tsaya. Wata mata ta ce ya kai ta babbar kasuwa, yana ta ƙunƙunin darasi sai da ya kai ta gadar Binuwai. Ta wanke shi tas da Fulatanci. Misye François kuma ba ya barin kuskure ya wuce, kullum a sake. Na sha ce musu su tura hakanan, lokaci na tafiya, amma wa zai ji ta mai shayi?

A ƙarshe dai saƙon ya tafi. Ma'anarsa ita ce: "'Yata, ko da yake ɗana ya ɓata miki kuma ban tsawata masa a gabanki ba, ina so ki sani cewa duk ranar da na ce ki zauna ki ci, ina nufin ina murna da kike gidana, sai dai bakina bai kai ba."

Shayinsa bai huce ba wayar ta yi ƙara. Ya buɗe muryar don malamin ya taya shi ji. Mirabel ce, kuka take yi.

"Papa, ni na ɗauka ba ka taɓa so na ba. Da na san haka ne, da na jira. Ranar Litinin na sa Gaëlle makaranta, ni ma na kama aiki."

Wallahi sai da na ji tausayinsa ya kama ni. Ya ce mata to, Allah ya taimaka, ta gaishe masa da yarinyar. Da ya kashe wayar ya daɗe yana murza ta a hannu, wani fasinja na ta kiran sa bai ko waiga ba. Can ya juya wurin Misye François.

"Malam, yaya ake cewa, ko da ba ki dawo wa ɗana ba, ni dai ubanki ne?"