Bada Mai Hoto, Mai Ceto Fuskoki daga Murfin Akwati

Kullum in ya idar da asuba ya kurɓi kokonsa, Malam Badaruddeen, wanda Jibiya ta sani da Bada Mai Hoto, sai ya haye tsohon kekensa ya nufi Magama wajen 'yan gwangwan. Ba ƙarfe yake nema ba. Iyayenmu mata sun saba liƙe hotunan mutanensu a cikin murfin akwatin ƙarfe, su ƙawata shi da shafin kalanda da katin biki. In tsohuwa ta rasu, magada su raba zannuwa, su sayar da akwatin da fuskokin a jikinsa. To, fuskokin nan Bada yake bi.

Ku zo ku ga aiki! Ba ya ɓamɓara da farce. Murfin yake karawa a tururin buta har ƙaron ya saki, ya zare hoton a hankali ya shanya a inuwa. Zaurensa yau cike yake da hotunan 'yan dambe, amare, direbobi, kan sarki da tikitin mota na da. An sha cewa tsufa ya zo masa da tsince-tsince. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Bara wata mata, Salmatu, ta tsallako daga Maraɗi ta zo wurin Bada tana kuka. Tana cikin mahaifiyarta mahaifinta ya rasu, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Hotonsa ɗaya ne a duniya, yana murfin akwatin innarta a Farfaru, ita kuwa innar ba ta bari a buɗe, don ganinsa na tayar mata da baƙin ciki. Da ta rasu, kafin Salmatu ta iso, an sayar wa 'yan gwangwan akwatin. Ko da suka je Magama ita da Bada, an gama lodi, motar za ta Kano inda ake narka ƙarfe.

Ɗanladi, shugaban 'yan gwangwan, ya ce, "Haba Baba! Mu sauke mota guda saboda takarda?"

Bada ya ce, "Takarda? Uban wata na ciki. In za ka tahi da shi, sai ka tahi da ni."

Wallahi dattijon nan ya naɗe riga ya haye kan lodi ya zauna! 'Yan kabu-kabu da 'yan dako suka ji kunya suka kama sauke kaya. Rana ta take kafin koren akwatin ya fito, a lotse. Mai shayin tasha ya ba da butarsa.

Da hoton ya saki, Salmatu ta karɓa. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta ƙwala ihu: "Faruk! Wallahi ɗana Faruk ne ya sa hula!" Mata masu tuwo-tuwo suka rangaɗa guɗa, Ɗanladi ya juya baya yana share ido.

Bada, kai ne garkuwar waɗanda ba su da bakin cewa kar a jefar da su. Kai ka mayar wa marainiya ubanta da tururin shayi. Yanzu gwiwa ta fara ƙi, keken ma ya gaji, amma mun gode, Allah Ya saka maka da Aljanna.

Ku kuma jama'a, kafin ku miƙa wa ɗan gwangwan akwatin inna, don Allah ku ɗaga murfin. Wataƙila uban wani na ciki.