Yadda Na Zama Baba Medi

Ban taɓa mantawa da ranar da sufeto ya zo daga Kaduna duba aikin Malama Hajara ba. Lokacin ina masinja a wata sakandare a Birnin Gwari. Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi.

Malama Hajara ta wucin gadi ce, tana koyar da Turanci. A ƙa'ida sufeto zai zauna ya ga darasi ɗaya. In ya gamsu a tabbatar da ita, in bai gamsu ba ta kama gabanta. Ɗalibanta kuwa yawanci 'yan Kakangi da Dogon Dawa ne da rikici ya koro, sun daɗe rabonsu da aji.

Ni ne dabararta. Ta ce musu a Latin, tsohon harshen da Turanci ya ci bashi a wurinsa, medi na nufin tsakiya. Sai ta tsayar da ni tsakanin dogo da gajere, na zama medium. Tsakanin yara biyu masu faɗan ƙarya, mediator. In ta miƙa mini faifai a matsayin garkuwa, tsakanin mutanen da da mutanen yau, medieval ke nan.

Ranar da sufeton ya zo, firinsifal ya ce, "Baba Sale, je ka bayan ofis ka yi shara. Kada baƙo ya ga muna wasan yara."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Sai dai sharar tawa ta bi ta gindin tagar ajin.

Na ji Malama ta tambayi ma'anar mediator. Tsit. Ta sake, tsit.

Na ɗauki alli na shiga kamar an aiko ni, na je tsakiyar aji na tsaya ƙyam da tsintsiyata. Nan take hannaye suka miƙe kamar karan dawa. Wannan ta ce mai shiga tsakani, wancan ya kawo medieval ba a ma tambaye shi ba.

Sufeto ya rubuta Mediterranean a allo, kalmar da ba su taɓa gani ba, ya ce sunan teku ne. Wata ɗaliba ta kalle ni, ta ce, "To, a tsakiyar ƙasashe yake ke nan."

Ya juyo gare ni. "Baba, kai kuma me kake koyarwa?"

"Tsayuwa, ranka ya daɗe."

An tabbatar da Malama. Firinsifal bai ƙara sa ni shara a lokacin Turanci ba.

Ku 'yan baya ku sani, malamin kirki da abin da ya samu yake koyarwa, ko da tsohon masinja ne. Duk gudun aiken da na sha ba wanda ya tuna. Tsayuwar nan ce ta ba ni suna Baba Medi.