Gidan da Ya Ari Bango

A ɗakin girkin Madam Solange Virot akwai 'yan layuka a jikin dutse, wani bisa wani, kowanne da suna a gefe: tsayin 'ya'yanta, da na mijinta yana yaro, da na wasu da ko ita ba ta san su ba. Mu huɗu aka turo auna gidan, ni kaɗai na tsaya a wurin. Dutsen nan bangon arewa ne na babbar majami'ar garinmu. Bango uku aka yi wa gidan, na huɗun aro ne tun zamanin kakannin kakanni.

A da, gidaje da shaguna ne manne da majami'ar kamar 'yan tsaki a jikin kaza. Aka yi ta rushewa har saura nata, a matse tsakanin ginshiƙai biyu masu tokare bango. Yanzu hukumar gari na son fili, baƙi su samu wurin ɗaukar hoto. An ce Madam ta tashi kafin sanyi ya shigo.

Ta haura tamanin. Rabin rayuwarta wankin rigunan limaman majami'ar ta yi da guga, daga wannan ɗaki kuma aka ɗauki gawar mijinta, taku kaɗan zuwa ƙofar gefen majami'ar.

"Madam, sabon gidan da za a ba ki ko matakala babu," in ji Lucien Gaubert, shugaban aikinmu.

"Ka kai Paulette, ita ce mai ciwon gwiwa." Paulette mahaifiyarsa ce, ajinsu ɗaya da Madam a makaranta.

"Ginin majami'ar nan na duniya ne baki ɗaya."

"Duniyar ta taɓa zuwa share masa kashin tattabaru?"

"Hayaƙin murhunki yana ɓata dutsen."

"Ɗumama shi yake yi, ɗan nan. Je ka taɓa na kudu ka ji."

Sai ta juyo kaina. "Ke mai shiru, me kike kallo?"

Na nuna layukan. Ta kama kafaɗata ta jingina ni da bango, ta ce in cire takalmi. Na cire. Ta ɗora wuƙar yanka burodi a kaina, ta karta dutsen.

"Suna?"

"Maëlle."

"Madam, doka ta hana taɓa dutsen nan," in ji Lucien.

"Kira 'yan sanda. Su ma in auna su."

Bai kira ba. Ya naɗe igiyar awonsa ya ce za a dawo, ta ce a zo da yunwa, ranar Alhamis take miyar albasa.

Muna fita motar mai itace ta tsaya a ƙofa, cike da kayan da zai kai mutum ƙarshen sanyi. Madam ta ɗaura gyalenta, ta shiga jera itacen ɗaya bayan ɗaya a jikin ginshiƙin.