Randunan Inna

Yayana fasto ne, ana ganin girmansa tun daga Gwaram har Birnin Kudu, ni kuwa shekara da shekaru gaisuwar fatar baki ce kawai tsakanina da shi. Ba na ɓoyewa, shi ma ya sani. Abin da ya raba mu randuna uku ne na mahaifiyarmu.

Mu Maguzawa ne na wani ƙauye a bayan Fagam, maƙwabtanmu Musulmi ne, Hausawa da Fulani, kasuwa ɗaya muke ci. Bishara ta shigo mana ina yarinya, ta bakin wani dattijo mai ɗingishi da muke kira Malam. Bai iya tsawa ba. Koyarwarsa ɗaya ce, kullum ita yake juyawa: zunubi igiya ce a wuyan kowa, ba mai iya kwance kansa, Yesu ne ya mutu ya tashi ya kwance mu, kuma kyauta ya yi, ba ladan wani aikinmu ba ne. Ni da Yaya mun karɓa tun da wuri. Inna kuwa ta daɗe tana saurare daga bakin ƙofa, da ƙwarya a kai, wai wucewa take yi.

Babanmu ya rasu ya bar mata gona mai faɗi, ga shi ba namiji a gida, don Yaya ya tafi makarantar masu bishara. Gayya ce ta riƙe mu. In damina ta kankama, Inna takan jiƙa dawa ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta yi kwanaki tana dafa giya, sannan ta sa wa mazan ƙauye rana. Su zo da fartanyoyinsu su nome gonar tas kafin la'asar, a fito musu da tuwo da giya. A wurinmu in ba giya, ba gayya. Randunan da take dafawa a ciki gadon uwarta ne, babbar har ɓuya nake yi a cikinta ina ƙarama.

Bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin man fetur suka fara zagayawa har majami'armu ta samu rufin kwano, Inna ta shiga ajin masu neman baftisma. Na yi murna har na yi kuka. Malam ya san sana'arta, bai kuma taɓa ce mata giya abin kirki ba ce. Ya dai ce shi ba zai fizge komai daga hannunta ba, Ubangijin da ya kira ta zai nuna mata ranar da za ta ajiye. Saura mako uku a kai su kogi, sai ga Yaya ya dawo hutu.

Ya dawo da keke da farar riga da baki cike da wa'azi. Mutumin da giyar nan ta ciyar da shi har ya yi gemu, yanzu shi ne ke toshe hanci a tsakar gidan ubansa. Ya iske an gama dahuwa, gobe gayyar maimai, wato noma na biyu, wanda in ya kuɓuce maka ciyawa ta gama da kai. Ya yi wa Inna magana, ta ce ta ji, ya bari a wuce gobe. Na zaci magana ta ƙare.

Da safe ina tuƙa tuwon 'yan gayya na ji ƙara. Na fito na same shi da taɓarya a hannu, ya riga ya fasa biyu, ya ɗaga wa babbar. Na riƙe masa riga, ya ture ni, ya fasa ta. Giya ta malale tsakar gida har gindin rumbu, kaji suka taru suna tsattsaga. Ya juyo yana haki, fuskarsa har sheƙi take yi don daɗi.

"Inna, yau na 'yanta gidan nan daga bautar zunubi," in ji shi.

Maza suka iso da fartanyoyi a kafaɗa, suka ga ƙasa jiƙe, suka shaƙi wari, suka juya ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kaɗan da kunya ta tsayar sun sulale kafin rana ta take. Mai 'yanta mu ya yi kwana biyu yana noma, hannunsa ya yi kanta, sai ya tuna ana jiransa a wani wuri, ya hau kekensa. Ni da Inna muka yi ta fama da ciyawar harƙiya har ta fi ƙarfinmu. Shekarar nan a rumbun kawu muka ci, kowane damin gero da guntun gori a kansa.

Yunwar ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Inna ta share tsingaron randunan ta tara a bayan rumbu, daga ranar ba ta sake taka majami'a ba. Aka kai 'yan ajinsu kogi ba ita. Malam ya yi ta zarya da ɗingishinsa, takan ba shi ruwa, ta gaishe shi da ladabi, ta ci gaba da aikinta. Ya tare Yaya ya ce masa taɓarya ba ta taɓa ceton kowa ba. Yaya ya ce Malam ya tsufa, yana yi wa zunubi sassauci. Daga baya ma ya mai da abin labarin wa'azi. Da kunnena na ji shi a wani taro yana ba da labarin yadda ya fasa randunan "wata tsohuwa", jama'a na cewa amin. Na tashi na fita.

Na yi karatun ungozoma, na samu aiki a Birnin Kudu. Da ciwo ya kwantar da Inna, na ɗauko ta ta dawo wurina. Malam ya riga ya rasu. Wata rana da azahar Yaya ya iso a kan babur, yanzu fasto ne cikakke. Ya durƙusa a gaban gadonta ya ce ta karɓi Yesu tun lokaci bai ƙure ba.

Ta dube shi. "Na karɓe shi tun kafin ka dawo da kekenka," in ji ta. "Dahuwar nan ita ce ta ƙarshe. Na yi wa Yesu alkawari ranar baftisma zan wanke randunan in kai ƙofar majami'a, masu zuwa daga nesa su riƙa shan ruwa. Su kaɗai gare ni. Kayansa ka fasa, ɗana, ka bar ni in je masa hannu sake."

Ni ma ban taɓa jin wannan ba sai ranar. Sai Yaya ya ce in kawo ruwa a kofi, zai yi mata baftisma nan take. Ta dubi hannunsa, ta ce ba da wannan hannun ba, ta juya fuskarta bango. Kwana huɗu bayan nan ta cika.

Na san abin da aka koya mini game da gafara, ina kuma faɗarsa a addu'a kowace safiya, sai dai na kasa yafe wa Yaya. Na san wannan ma igiya ce, tawa ce kuma, har yau ban bari an kwance ta ba. Amma Malam ya sha gaya mana cewa ba ruwan kogi ke ceto ba, bangaskiya ce. Wannan maganar na riƙe da hannu biyu. In ba don ita ba, da ban iya zama a majami'a ɗaya da Yaya ba, balle in miƙa masa ruwa in ya zo gidana. Nakan miƙa masa, a kofin da Inna ta ƙi.