Kunun Jego a Motar da Ta Koyi Karatu

Ku gyara zama. Wannan ba tatsuniya ba ce, a titin Gombe aka yi shi, da hantsi, rana tana kallo.

Tun ina budurwa nake ɗaukar ƙwarya. Daga Kagarawal zuwa Bolari, da ƙafa, da goyo, wani lokaci ƙasa duk santsi, ban taɓa zubar da ko ludayi guda ba. Ban shiga aji ba, ban riƙe alli ba. Wannan ne abin da nake da shi, kuma duk unguwa an sani.

To, sai jikata ta yi haihuwa ta biyu a gidan mijinta, can bayan gari ta hanyar Bauchi. Kwana uku da sauka na dama mata kunun kanwa, geron da na surfa da hannuna, ya ji citta da kanumfari. Uwar mijinta, wadda ta yi shekaru tana koyarwa kuma har yau take magana kamar akwai allo a bayanta, ta aiko cewa in zuba a fulas, wai ƙwarya a mota ɓarna ce. Na ce a gaishe ta. Na cika babbar ƙwaryata har wuya, na rufe da faifai.

Autata ce ta zo ɗaukata da motarta, irin ta Turai ɗin nan, hannu na biyu. Na zauna a gaba, ƙwarya a cinya, hannu biyu a jikinta.

"Inna, saki jikinki," in ji Auta. "In mun fita gari zan sa mata kurus. Ita za ta riƙe gudunta da kanta, ba ƙari ba ragi. Jiya ma ta yi abdet."

Na ce mene ne kuma abdet? Ta ce sabon ilimi ake aiko wa mota ta iska, kamar yadda ake yi wa waya. Na ce madalla, Allah ya sa mai amfani ne.

Muka fita gari, titi ya miƙe. Auta ta danna wani abu, ta ɗauke ƙafarta. Wallahi da farko na yaba. Na ɗaga faifai na leƙa, kunu kwance lamo kamar an yi masa wanka.

Muna tafe, muna tafe, sai ga wata tirela an ajiye a gefen hanya. Muna zuwa dab da ita mota ta yi wani gurnani, ta zabura. Bayana ya manne da kujera, kunu ya taso ya daki faifai.

"Ke! Wa ya kore ki?"

"Inna, ba ni ba ce!"

"To ni ce?"

Ta taka birki, kunu ya koma ya daki ɗaya gefen. Na ga ya hau leɓen ƙwarya yana rawa, saura ƙiris. Ban yi shawara da kowa ba, na kafa baki na zuƙe. Da zafinsa. Hawaye suka zubo, kunu bai zubo ba.

Auta ta ce ƙila hannunta ne ya taɓa wani abu. Ita fa ba ta yarda a ce abin hannunta ya fi ƙarfinta, tun tana rarrafe haka take. Ta sake dannawa. Muna tafe, muna tafe, wata doguwar bas ta wuce mu, sai motarmu ta ɗaga hanci ta bi ta kamar uwarta ce. Na kafa baki. Ba a jima ba muka cimma wata tarakta tana jan ƙafa, tun ba mu matso ba mota ta ci birki da kanta, ɗankwalina ya sauko kan hanci. Na kafa baki ta ƙarƙashinsa.

Sai dariya ta kama Auta, tana tuƙi tana share ido.

"Inna, na maijego ne fa!"

"Kalli gabanki. Tsare shi nake yi."

Ni ma abin ya fara cina, ina haɗiya ina ƙyalƙyala, kunu na neman fita ta hanci. Amma idona bai yi barci ba. Na lura duk sanda za ta yi haukan, wani ɗan zobe ja yana haskawa a gaban sitiyari, da zane baƙi a cikinsa. Kuma na ga irin zoben manne a bayan tirela, na gan shi a bayan bas. Ni ban san baƙi ba, amma na saƙa faifai, in na ga zane sau biyu na san ɗan'uwansa. Da wata tanka ta bayyana a gabanmu na nuna da haɓa.

"Ga shi can. Wancan jan zoben take gani. Duba naki, yanzu zai koma irinsa."

Ya kuwa koma. Mota ta yunƙura, na kafa baki.

Auta ta sauka gefen titi, ta kifa kai a sitiyari tana shessheƙar dariya. Da ta samu numfashi ta ce ashe ilimin da aka aiko shi ne karanta allon gudu na bakin hanya. Manyan motocin nan kuwa da lambobin gudunsu na can Turai suke zuwa, manne a baya. Ita kuma baiwar Allah duk abin da ta gani a rubuce sai ta yi biyayya.

Na ce, "Sabon shiga karatu ke nan. Kashe shi."

Ta kashe, ta mayar da ƙafarta, muka ƙarasa lafiya.

Uwar miji tana tsakar gida tana jira. Muka gaisa, ta sa hannu ta ɗaga faifai. Kunu ya sauka har rabi.

"Ayya, Hajiya. Ai na faɗa. Ya zube ko?"

Na miƙe tsaye, na juya mata gaba, na juya mata baya. Zanena bushe. Na ce ta je ta shafa kujerar mota. Ta je kuwa, har da tabarau, ta shafa sama ta shafa ƙasa, ta dawo tana kallon tafin hannunta.

Jikata ce ta leƙo daga ɗaki da jariri a kafaɗa, ta ƙura wa bakina ido.

"Tsohuwa, yaushe kika yi gashin baki fari?"

Auta ta zube a kan tabarma. Maijego tana dariya tana riƙe ciki tana roƙon a daina. Ni dai na tsaya da mutuncina, na ce ɗigo bai taɓa ƙasa ba, wanda ya ga ya taɓa ya fito ya faɗa. Babu wanda ya fito.

A nan ne kanwa ta fara aikinta. Rabin ƙwarya na kunun jego, a cikin da ya rufe haihuwa tun tuni. Cikina ya yi ƙugi har uwar miji ta ji. Ta dube ni, na dube ta. Ta ɗauko buta ta cika da kanta, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ta hagu, Hajiya. Bi a hankali."

Ban bi a hankali ba.