Lauwali da Asalin Baki Biyu

Duk wanda ya san fadamar Gehuru ya san Lauwali. Shekara talatin shina tsaron albasar mutane daga birai da gyado, ko lawashi ɗaya bai taɓa tsinka ba a gonar da ba tashi ba. Ubanshi maharbi ne, hannunshi ya koyi ɗura harbi-ka-ruga, da ita ya tsufa. Sai bara ya samu bindiga mai baki biyu, tsohuwa, hannun Giɗaɗo, wani makiyayi na Kuberi. Ta sha jiki ƙwarai. Wuyanta, inda ƙota ta haɗu da ƙarfe, naɗe yake da fata busassa ƙam kamar dutse.

Fatar nan ce ta ja mashi. Ran taron maharba, Naziru, wanda bai daɗe da shiga ƙungiya ba amma ya fi kowa baki, ya ɗauki bindigar ya juya ta.

"Kawu Lauwali, ina lambarta? Kayan sata aka ɓoye ma lamba. Ko dai kun fara gaisawa da mutanen daji?"

Babu wanda ya yi dariya. A wanga zamani, in anka haɗa sunanka da 'yan bindiga, ba mai sake ba ka tsaron gona, ba mai zama kusa da kai ko wurin suna. Sarkin baka, shugaban maharba, ya karɓe bindigar ya ce kwana bakwai: Lauwali shi kawo asalinta hannu bayan hannu, in ba haka ba a miƙa ta ga hukuma, a fid da shi daga ƙungiya.

Da safe ya hau tsohon mashin ɗinshi sai Kuberi. Ya iske Giɗaɗo bakin rijiya shina ba shanu ruwa.

"Ni hannun Malam Audu mai ɗori na Aliero na karɓe ta," in ji Giɗaɗo. "Da fatar na ganta, da fatar na ba ka."

A Aliero sai da ya jira har bayan azahar, don zaure cike yake da masu karaya. Da ya kwatanta bindigar, tsoho ya yi dariya har da tari.

"Majinyaciyata ce. Su biyu anka kawo min rana ɗaya, ita da mai ita. Malam Muhsin na Jega Firchin, malamin makaranta. Ya tai harbin agwagi, ya ga kunamar harbi biyu jikin bindigar, shi a tunaninai tare aka jan su. Ya ja. Kafaɗa ta goce, ƙota ta tsage. Na maida kafaɗa, ya rantse ba shi ƙara taɓa bindigar, ya bar min. Ni kau ba ni iya kallon abu karye a ɗakina. Na samu ɗanyar fatar wutsiyar sa, na zura mata, ta bushe ta kama."

"Malam, lambar fa?"

"Wace lamba? Ni karaya nika dubi, ba rubutu ba."

Da Lauwali ya isa Jega, Malam Muhsin bai so zancen ba ko kaɗan. Shekara tara shina gaya ma mutane daga mashin ya faɗi. Ya tsaya ƙofar gida shina kame-kame, sai ga muryar uwarshi, Hajiya Kubura, daga soro.

"Bindigar babanka aka magana? Shigo da baƙon nan. Ni tun ranar na san ba mashin ba ne."

Marigayi mijinta malamin daji ne, shi ya saye ta sabuwa. Ta sa anka jawo adaka daga ƙarƙashin gado, ta fiddo takardar lasisi naɗe cikin tsohon kallabi, ta yi ja don tsufa amma lambar tana nan raɗau. Ta miƙa ma Lauwali, ta dubi ɗanta.

"Kai za ka raka shi, ka faɗi da bakinka. Ba a ɓata sunan bawan Allah don kana jin kunyar agwagi."

Rana ta bakwai maharba sunka cika ƙofar Sarkin baka, har da waɗanda ba a gayyata ba. Malam Muhsin ya ba da labarinshi kai a ƙasa. Lauwali ya san in anka yanke fatar ƙota ba ta sake riƙewa, amma ya zare wuƙarshi, ya juya kan ya miƙa ma Naziru.

"Kai ka tambaya. Yanka."

Fata ta yi gardama kafin ta buɗe. Ƙota ta rabu biyu, ga lamba kwance jikin ƙarfe. Sarki ya sa Naziru shi karanta da ƙarfi, Malam Muhsin na bin takarda da yatsa. Lambobin biyar ne, duka sunka yi daidai.

"Ka ji, ɗana?" Sarki ya ce ma Naziru. "Hannu huɗu, duk na mutanen kirki. Lauwali, gobe ni da kai za mu ofis a maida takarda sunanka."

Naziru ya durƙusa ya ce Kawu shi yi haƙuri. Lauwali ya ce ya yafe. Ya ɗaure ƙarfe da ƙota bayan mashin, bai ko rufe su da buhu ba. Akwai gajeriyar hanya ta bayan gari zuwa gidanshi. Ya bar ta, ya bi ta tsakiyar kasuwa, a hankali, shina danna oda.